Daga Buga Kurket Zuwa Horarwa: Yadda Ake Bin Hanyar da Gary Kirsten Ya Bi

A wasan kurket koci ba ya tsayawa a bakin layi yana daka wa 'yan wasa tsawa, ba ya kuma cire wannan ya sa wancan idan wasa ya juya. Da zarar mutum goma sha ɗaya sun shiga fili, kyaftin ne mai wuƙa da nama: shi ke faɗin wanda zai yi jifa, inda kowane mai tsaron fili zai tsaya, da lokacin da za a rufe zubi, wato tawagarsa ta daina bugu ta ba abokan karawa. Koci yana can ɗakin 'yan wasa, saƙonsa ba ya isa fili sai ta bakin mai kai ruwa. Bob Woolmer, wanda ya horar da Afirka ta Kudu daga 1994 zuwa 1999, ya taɓa gwada tsallake wannan iyaka a gasar cin kofin duniya ta 1999, inda ya sa wa kyaftinsa Hansie Cronje na'urar sauraro a kunne a wasansu da Indiya. Jami'in da ke kula da wasan ya sa aka cire ta tun ba a yi nisa ba. Saboda haka duk ɗan wasan da ke shirin komawa koci ya san cewa kusan duk aikinsa zai ƙare ne kafin a jefa ƙwallon farko.

Gary Kirsten yana cikin tawagar da ta buga wannan wasa. An haife shi a Cape Town a 1967, bahago ne mai buɗe bugu. Tsakanin 1993 da 2004 ya buga wa Afirka ta Kudu wasannin Tes na kwana biyar guda 101, ya tara maki 7,289, ya kai ɗari sau 21. A wasannin yini ɗaya ya buga 185, ya tara maki 6,798. Bayan ya ajiye sanda ya kai Indiya matsayi na ɗaya a duniya a wasan Tes a Disambar 2009, ya ci kofin duniya da ita a 2011, sannan ya kai ƙasarsa matsayi na ɗaya a Agustan 2012. Ya kuma sha kaye mai muni a wasu wuraren, kuma kayen nan yana koyar da mai son aikin kamar yadda nasarar ke yi.

Fara tun sanda tana hannunka

Masu kallo ba sa tuna Kirsten da kyawun bugu. Suna tuna shi da naci. A Durban, a Disambar 1999, Ingila ta tilasta wa Afirka ta Kudu sake shiga bugu nan take saboda ƙarancin makinta, shi kuwa ya tsaya minti 878, sama da awa goma sha huɗu da rabi, ya yi maki 275 ya ceci wasan. Mai bugu irin wannan ya san ƙwallon da zai taɓa da wanda zai bari ya wuce, ya san wurare uku ko huɗu da makinsa ke fitowa, kuma yana iya faɗa maka dalili. Wanda Allah ya ba shi baiwa tsagwaronta sau da yawa ba ya iya bayanin abin da hannunsa ke yi, don bai taɓa zama ya warware shi ba. Idan yaro ya kasa, abin da zai ce masa kawai shi ne ya kalli ƙwallo ya buga.

To, ka fara warware naka tun yanzu. Ka ajiye littafi. Duk lokacin da aka fitar da kai, ka rubuta abu biyar kafin ka kwanta: wane irin mai jifa ne, a ina ƙwallon ya dira, ta wane layi ya zo, a oba ta nawa ne (oba ita ce jifa shida a jere), da abin da ke ranka kafin jifan. Bayan fita goma ka duba. Za ka ga ko dai layi ɗaya ne ke cin ka, ko kuma lokaci ɗaya ne, misali oba biyu na farko bayan hutun abinci. Wannan littafi shi ne darasin horarwarka na farko, domin irin tambayoyin da za ka yi wa wasu ke nan nan gaba.

Ka kuma riƙa kallon kocinka da idon mai koyon sana'a. Kirsten ya yi wasa a ƙarƙashin Duncan Fletcher a Western Province, tawagar yankin Cape Town, sannan Woolmer a tawagar ƙasa. Fletcher mutum ne mai ƙarancin magana da kaifin ido a kan tsayuwa da motsin ƙafa, Woolmer kuwa mai son gwada sabon abu ne, yana cikin na farko da suka shigo da kwamfuta da bidiyo cikin shirin wasa. Ka lura da lokacin da kocinka ke magana da lokacin da yake yin shiru, da wanda yake yi wa gyara a gaban jama'a da wanda yake ja gefe.

Shekarun da ke tsakani

Kirsten ya yi ritaya a Maris 2004, bai karɓi Indiya ba sai Maris 2008. A tsakani ya buɗe makarantar kurket a Cape Town, yana aiki da masu bugu ɗaya bayan ɗaya. Kada ka raina wannan zango. Wanda ya tashi daga ɗakin 'yan wasa yau ya dawo gobe a matsayin koci yana samun kansa yana yanke hukunci a kan abokan da suka ci abinci a kwano ɗaya, kuma har yanzu idonsa na ɗan wasa ne: yana ganin abin da shi zai yi, ba abin da yaron da ke gabansa zai iya ba.

Ka yi kwasa-kwasan horarwa ko da sunanka ya fi na malamin. Hukumomin ƙasashe irin na Afirka ta Kudu da Ingila suna da matakai daga na masu farawa har zuwa na ƙwararru, hukumar duniya ICC kuma tana gudanar da nata ta hannun hukumomin ƙasashe mambobinta, ciki har da ta Najeriya, wadda ita kanta ta ɗauko Steve Tikolo, tsohon kyaftin ɗin Kenya, ya horar da tawagarta. Amfanin kwas ba takardar ba ce. Amfaninsa shi ne ya tilasta maka koyon ɓangaren da ba ka buga ba. Tsohon mai bugu da bai san jikin mai jifa ba zai karya yara. Ƙa'idar da hukumar Ingila ta daɗe tana bi a baya ga matasa masu jifa da ƙarfi ita ce: ɗan shekara 13 zuwa ƙasa kada ya wuce oba 5 a jere ko 10 a yini, ɗan 14 da 15, oba 6 a jere, 12 a yini, daga 16 zuwa 19, oba 7 a jere, 18 a yini. A cikin kwana bakwai kada ya yi jifa fiye da kwana huɗu, kuma kada ya wuce kwana biyu a jere. Dalili shi ne ƙashin baya na ƙasa, wanda ke tsagewa a hankali idan nauyi ya yi yawa, musamman ga yaron da ƙugunsa ke fuskantar gefe alhali kafaɗunsa na fuskantar gaba lokacin da ƙafar baya ta dira. Ciwon ba ya nuna kansa da wuri. Ranar da yaro ya ce bayansa na ciwo a gefe ɗaya duk sanda ya yi jifa, ka tsayar da shi, a kai shi hoto, kada ka ce ya daure.

Jifan atisaye, inda aikin yake

Abin da 'yan wasan Indiya suka fi ambata game da Kirsten shi ne hannunsa. Yakan tsaya a raga, wato wurin atisayen bugu da aka kewaye da raga, yana jefa wa Sachin Tendulkar da sauransu ƙwallo ɗaruruwa, awa bayan awa, shi da kansa. Mutumin da ya buga Tes 101 ya koma mai jefa wa wasu ƙwallo, kuma daga nan ne ya samu damar a saurare shi. Mai bugu ba ya buɗe cikinsa a taron tawaga. Yana buɗewa ne a raga, bayan jifa na sittin, idan babu kowa sai ku biyu.

Ga yadda ake yi. Tsawon zirin tsakiya daga turaku zuwa turaku (sanduna ukun da mai bugu ke karewa a kowane ƙarshe) yadi 22 ne, wato mita 20 da 'yan kai, ƙwallon manya kuma nauyinsa gram 156 zuwa 163. Mai jifa na gaske yana sakin ƙwallo kimanin mita 18 daga mai bugu, kuma idan gudunsa kilomita 140 ne a awa, ƙwallon na isa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Hannunka ba zai kai wannan gudu ba, don haka ka matso. Jifa mai gudun 110 daga mita 14 yana ba mai bugu kusan lokaci ɗaya da wancan. Amma kada ka matso fiye da haka, domin kusurwar da ƙwallo ke dira tana canjawa, tashinsa ya daina kama da na wasa, mai bugu ya koyi motsin da ba zai yi masa amfani ba. Idan kana da sandar roba mai kofi a baki da ake cilla ƙwallo da ita, ka koma baya zuwa cikakken tsawo, don tana ƙara gudu da tashi. Tana kuma ceton kafaɗa, sai dai tana bukatar makonni kafin ka iya sarrafa ta, kuma kafin nan kada ka gwada ta a kan yaro. Kowane mai bugu ya sa hular kwano, ko da jifan a hankali ne.

Ka sa alama a ƙasa, tsakanin mita 6 zuwa 8 daga turakun mai bugu. Nan ne ƙwallon mai jifa da ƙarfi ke dira ya bar mai bugu cikin shakka, ya matsa gaba ko ya ja baya. Ka raba zaman kashi uku. Jifa 18 zuwa 24 na farko ka ba shi masu sauƙi, ya ji ƙwallo a tsakiyar sanda. Sai jifa 30 zuwa 36 a kan abu ɗaya tak da kuka yi yarjejeniya a kansa, misali barin ƙwallon da ke wajen turken waje. Na ƙarshe ka yi shi kamar wasa: shida shida, ka faɗa masa inda masu tsaron fili suke, ka faɗi maki da obar da ake ciki, ka cakuɗa tsawo da layi, kuma idan ya fita ya fita, ya cire safar hannu ya zauna minti biyar kafin ya dawo.

Kurakuran da ake yi a nan sanannu ne. Na farko, koci ya yi ta jefa ƙwallo wuri ɗaya don mai bugu ya ji daɗi. Yana fita daga raga yana murmushi, gobe a fitar da shi a oba ta biyu, domin ba a taɓa sa shi ya zaɓa ba. Na biyu, magana bayan kowane jifa. Mai bugu da ke tunanin gwiwar hannunsa ba ya kallon ƙwallo. Ka bari sai an gama shida, ka fara da tambaya, ka ji abin da shi ya ji, sannan ka faɗi abu ɗaya. Na uku, taɓa riƙon sanda ko tsayuwa a tsakiyar jerin wasanni. Irin wannan gyara yana bukatar makonni da dubban ƙwallaye kafin ya zauna a jiki, kuma kafin ya zauna mutum yana lalacewa ne tukuna. Ka ajiye shi sai lokacin hutu. A tsakiyar gasa abin da ake gyarawa shi ne zaɓi: wane ƙwallo za a buga, wane za a bari.

Ka yi atisaye da ƙwallon da za a yi wasa da shi. A Ingila Dukes ake amfani da shi a Tes, a Indiya SG, a Ostireliya da Afirka ta Kudu Kookaburra. Ɗinkin Dukes ya fi tsayi kuma ya fi daɗewa yana karkata a iska, na Kookaburra kuwa yana kwanciya da wuri. Wanda ya shirya wa Ingila da tsohon Kookaburra bai shirya ba. Idan za a je inda ƙwallo ke tashi, ka jiƙa ƙwallon roba ka jefa a kan siminti. Idan za a je inda yake murɗewa, ka kankare ƙasar gaban mai bugu ka bar ta da ƙura. Bidiyo kuma daga wuri biyu ake ɗauka, daga gefe a daidai ƙugu da kuma daga bayan mai jifa, kuma kada ka nuna wa mutum fitarsa kaɗai. Ka haɗa da ranar da ya yi kyau, don ya ga bambancin da idonsa.

Shiga ɗakin da manya suke

Indiyar da Kirsten ya tarar tana da rauni. Greg Chappell, wanda a matsayin ɗan wasa ya fi Kirsten suna nesa ba kusa ba, ya riƙe ta daga 2005 zuwa 2007. Ya yi rigima da kyaftin Sourav Ganguly, wasiƙar da ya aika wa hukuma yana sukar sa ta fita a jaridu, sannan aka fitar da Indiya a zagayen farko na kofin duniya na 2007 bayan Bangladesh da Siri Lanka sun doke ta. Ilimin kurket bai yi wa Chappell ƙaranci ba. Abin da ya rasa shi ne amincewar ɗakin, kuma da ta tafi ba ta dawo ba.

Kirsten ya shiga ɗakin da ke da Tendulkar, Rahul Dravid, VVS Laxman, Ganguly, Virender Sehwag da Anil Kumble, ba tare da ya taɓa riƙe wata babbar tawaga ba. Abin da za ka ɗauka daga yadda ya yi shi ne tsari. Makonnin farko ka zauna da kowane ɗan wasa shi kaɗai, ka tambaye shi yadda yake son shirya wa wasa da abin da yake so daga gare ka, ka rubuta, ka kuma cika. Wanda ya yi shekara goma sha biyar yana buga wa ƙasarsa ya fi ka sanin jikinsa. Wani yana son ƙwallo ɗari biyu ana gobe wasa, wani ashirin sun ishe shi. Shi ya sa Kirsten ya bar wasu ranakun atisaye a matsayin ganin dama. Sai dai wannan na manya ne. Yaron da ya shigo jiya bai san abin da yake bukata ba tukuna, shi kai za ka tsara masa, kuma idan ka ba kowa ganin dama ba bambanci, za ka tarar da raga babu kowa sai waɗanda ba su da matsala.

Kada ka yi wa Sehwag gyaran da zai mai da shi Kirsten. A jerin wasannin farko da sabon kocin ya jagoranta, Sehwag ya yi wa Afirka ta Kudu maki 319 a Chennai da irin bugun da Kirsten bai taɓa yi ba a rayuwarsa. A wasa na gaba a Ahmedabad aka fitar da Indiya duka a maki 76. Koci mai gaggawa zai ɗauki wasa na biyu ya ce a canja komai. Gautam Gambhir kuwa, bahago mai buɗe bugu kamar kocin, wanda ya daɗe yana shiga yana fita, ya samu tabbacin gurbinsa, kuma a 2009 ya tsaya sama da awa goma a Napier ya ceci wasa, a tafiyar da Indiya ta ci jerin Tes a Niyuzilan karon farko tun 1968.

Game da 'yan jarida, ƙa'idar mai sauƙi ce kuma Kirsten ya riƙe ta: ranar nasara kyaftin da 'yan wasa su fita gaba, abin da aka faɗa a ɗaki kuma ya tsaya a ɗaki. Da kyaftin kuwa, ku raba aiki tun ranar farko. Kai ne da atisaye, bayanan abokan karawa da shirin tafiya. Shi ne da fili. Ku yi gardamarku a ɓoye, ku fito da murya ɗaya. Idan 'yan wasa suka gane cewa wanda kyaftin ya hana zai iya samu wurin koci, tawaga ta rabu biyu ke nan.

Ka ɗauki mataimakan da suka san abin da ba ka sani ba. Kirsten ya tafi Indiya da Paddy Upton don kula da tunani da natsuwar 'yan wasa, daga baya Eric Simons ya karɓi masu jifa. A Afirka ta Kudu ya ɗauki Allan Donald don masu jifa da Russell Domingo a matsayin mataimaki. Domingo bai taɓa buga wa ƙasa ba, kuma shi ne ya gaje shi. Wannan ba abin mamaki ba ne a kurket: John Buchanan wasa bakwai kacal ya buga wa Queensland, amma ya ci kofin duniya biyu da Ostireliya.

Gasa

Mutum 15 ake kai wa kofin duniya, kuma kowanne ya san aikinsa tun kafin a tashi. A wasan oba 50 mai jifa ɗaya ba ya wuce oba 10, don haka dole a samu aƙalla mutum biyar masu jifa. Idan ka cika tawaga da ƙwararrun masu jifa biyar, bugunka ya gajarta. Indiya ta warware wannan a 2011 da Yuvraj Singh, mai bugu da ke murza ƙwallo da hagu. Ya gama gasar da maki 362 da fitar da mutum 15, aka ba shi gwarzon gasa, kuma hakan ya ba Indiya damar sa masu bugu bakwai. Irin wannan ba a ƙirƙiro shi a makon gasa. Ana ba mutum obobin ne tun watanni kafin nan, a wasannin da faɗuwa ba ta da tsada.

Ka shirya wa ranar da abu zai lalace. A Nagpur, Indiya tana da 267 mutum ɗaya kaɗai ya fita, sai ta zube duka a 296, Afirka ta Kudu ta ci wasan a obar ƙarshe da Ashish Nehra ya jefa. Bayan irin wannan, kada ka kira taro a daren. Ka bari sai gobe, ka ware abin da ya faru a fili, wato masu bugu sun shiga neman manyan bugu a lokaci ɗaya babu wanda ya tsaya, ka faɗe shi sau ɗaya, a wuce. Kada kuma ka binne wanda abin ya faɗa a kansa. Nehra ya dawo a wasan kusa da na ƙarshe da Pakistan a Mohali, ya fitar da mutum biyu ya ba da maki 33 kacal a oba 10.

A wasan ƙarshe a filin Wankhede na Mumbai, ranar 2 ga Afrilu, Siri Lanka ta yi 274. Indiya ta rasa Sehwag da Tendulkar tana da 31. Da mutum na uku ya fita, kyaftin MS Dhoni, wanda bai yi wani abin kirki da sanda ba a gasar, ya shiga gaban Yuvraj da ke kan ganiyarsa. Akwai hujja: Gambhir bahago yana ciki, Yuvraj ma bahago ne, Dhoni kuwa na dama, masu murza ƙwallo irin Muttiah Muralitharan suna jifa, kuma haɗa na dama da bahago yana dagula musu layi. Koci ya amince. Gambhir ya yi 97, Dhoni ya yi 91 ba a fitar da shi ba. Da abin ya ƙi, da su biyun za a zaga, kuma aikinka a irin wannan lokaci shi ne kyaftin ya san ba zai ɗauki zagin shi kaɗai ba.

A Afirka ta Kudu, daga 2011 zuwa 2013, ya tarar da tawagar da ta riga ta ginu a hannun kyaftin Graeme Smith, bai rushe ta ba. Ya ƙara Vernon Philander, wanda a wasansa na farko aka fitar da Ostireliya duka a maki 47 a Cape Town. Kafin tafiya Ingila a 2012 ya kai 'yan wasa tsaunukan Suwizalan wurin Mike Horn, mai tafiye-tafiyen kasada, maimakon ƙarin wasannin gwaji, abin da ya jawo masa suka. Da Mark Boucher, mai tsaron bayan turaku, ya ji ciwo a ido tun kafin a fara jerin, AB de Villiers ya karɓi tsaron bayan turaku, aka samu gurbin ƙarin mai bugu. Hashim Amla ya yi 311 a Oval, aka ci jerin 2-0. Amma a 2013 Ingila ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe na gasar zakaru ta ICC, tsohon ciwon ƙasar na faɗuwa a manyan gasa bai warke a hannunsa ba. Ya bar aikin a shekarar saboda iyali, kamar yadda ya bar Indiya. Kocin ƙasa yana kwana a otal mafi yawan shekara, ka yi wannan lissafi da mutanen gidanka kafin ka sa hannu.

Inda hanyar ba ta kai ba

Duk abin da aka faɗa a sama yana cin lokaci, kuma akwai wuraren da ba a ba da lokacin. Ko a Indiya, tawagar Kirsten ta faɗi duk wasanninta na zagaye na biyu a kofin duniya na oba 20 a 2009 da 2010. A IPL, gasar kulob-kulob ta oba 20 a Indiya, Delhi Daredevils da ya horar ta ci wasa 2 cikin 14 a 2014 ta ƙare a ƙarshe, Royal Challengers Bangalore ma ta ƙare a ƙarshe a hannunsa a 2019, Welsh Fire kuma, da ya riƙe a gasar The Hundred ta Ingila da Wales, ta faɗi wasanninta takwas duka a 2022. A irin waɗannan gasa ana haɗa tawaga ne a teburin gwanjo ko zaɓen 'yan wasa, a buga cikin wata biyu ko ƙasa da haka, a watse. Wanda ya yi kuskure a gwanjo ba shi da ragar da za ta gyara masa. Abin da ke ci a nan shi ne lissafi: wa zai jefa oba shida na farko da mutum biyu kaɗai ke tsaron nesa, wa zai jefa huɗun ƙarshe, wane mai bugu ne ba ya iya wane irin jifa. Idan wannan ba ƙarfinka ba ne, ka nemi mai nazarin alƙaluma tun kafin gwanjo, ko ka karɓi kujerar da ta dace da kai. A 2022 Kirsten ya ci IPL da Gujarat Titans a matsayin kocin bugu kuma mai ba da shawara, babban kocin kuwa Nehra ne, wanda Kirsten ya taɓa horarwa a tawagar Indiya.

Sai batun kwantiragi. A Afrilun 2024 Pakistan ta ɗauke shi shekara biyu don wasannin yini ɗaya da na oba 20. A Yuni Amurka ta doke su a kofin duniya, suka fita a zagayen farko. A Oktoba hukumar ta sake kwamitin zaɓen 'yan wasa ta cire koci daga ciki, shi kuma ya ajiye aiki a ƙarshen watan, bai jagoranci ko wasa ɗaya na oba 50 ba. Jason Gillespie, da aka ɗauka tare da shi don Tes, ya bi bayansa a Disamba. Kafin ka karɓi kowace tawaga, ko ta jiha ce ko ta makaranta, a rubuta maka waɗannan a takarda: kana da ƙuri'a a zaɓen 'yan wasa ko shawara kawai kake bayarwa, wa ke naɗa kyaftin kuma ko za a tuntuɓe ka, wa ke ɗaukar mataimaka da sallamarsu, mutum nawa ne tsakaninka da shugaban hukuma, kwana nawa ake so ka zauna a ƙasar a shekara, da abin da zai faru da yarjejeniyar idan aka canja ɗaya daga cikin waɗannan bayan ka fara aiki.